Shayin da Na Sha da Mubarak

Ba zan taɓa mantawa ba da wani shayi da ko kurɓa ban yi ba, amma har yau yake ƙona mini harshe.

Lokacin ina wata na biyu a wani ƙaramin kamfani a Gada Biyu cikin Jos, mai haɗa manhajar da ke duba hoton ganyen dankalin turawa ta faɗa wa manomi cutar da ta kama shi. Gwajin wata uku nake yi, in na taɓuka abin kirki a tabbatar da ni, in ba haka ba in koma gida zaman kashe wando. Mai kamfanin, Oga Emeka, haifaffen Jos ne. Ya ɗora mini aikin samo masa ƙwararre a fannin ƙirƙirarriyar basira ta hanyar shafukan sada zumunta. (Ni da na karanta aikin jarida, abin da na sani a fannin bai wuce sunansa ba.)

Sharaɗinsa ɗaya ne. "Ko waye ka samu, sai ka gan shi da idonka. Wanda muka ɗauka bara, hoto na wani ne, takarda ma na wani ne."

Na watsa sanarwa ko'ina. Masu gyaran waya suka yi mini ca, har da wani mai sayar da data. Ana cikin haka na ci karo da shafin Mubarak, ɗan Dutse Uku. Na tura masa saƙo, ban ajiye wayar ba ya amsa, da sallama da tambayar iyali. Na tura jarrabawar da Oga ya ba ni, wadda ake ba mutum kwana uku a kanta, ya dawo da ita kafin in idar da sallar azahar. Oga ya duba, ya cire tabarau, ya ce wannan shi muke nema.

Sai dai Mubarak ba ya ɗaga kira. Duk ranar da na ce mu haɗu, amsarsa ɗaya ce: "Ina ɗan kwance ne, amma da sauƙi." Mako uku yana kwance, kullum da sauƙi. Abin ya ɗan sosa mini rai, musamman da na lura ko da wane lokaci na rubuta, a take yake amsawa, kamar ba ya wanka ba ya cin abinci. Amma wa'adina ya matso, kuma mai neman a tabbatar da shi ba ya son dogon tunani.

Da Oga ya tambaye ni ko na gan shi, bakina ya riga hankalina. Na ce ai ranar Talata muka sha shayi tare wajen wani mai shayi a Laranto. Na ƙara gishiri, na ce dogo ne, ga fara'a, ba ya son sukari da yawa. (Wa ya aike ni batun sukari?) Na koma kujerata na rubuta wa Mubarak cewa in Oga ya tambaya, ya ce mun sha shayi. Ya amsa, "To, mun sha."

Ranar Asabar da hantsi Oga, da na taɓa gaya masa Mubarak na fama da jiki, ya ce tunda injiniya ba shi da lafiya, mu kai masa takardar kama aiki har gida, mu duba shi. Muka bi adireshin da ke takardunsa. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, maza sun zazzauna, ana raba goro da waina. Na ce a raina suna ake yi. Na tuɓe takalma, na durƙusa gaban dattijon da ke tsakiya na ce, "Baba, barka da arziki. Allah Ya raya."

Babu wanda ya ce amin. Wani da ya kai waina baki ya mayar da ita faranti.

Oga ya miƙa ambulan. "Baba, mun kawo ma Injiniya Mubarak albishir ne. Ya samu aiki."

Dattijon ya daɗe yana kallon ambulan ɗin. "Ni ne mahaifinsa," ya ce. "Yau kwanan Mubarak arba'in da rasuwa. Sadakarsa muke yi."

Oga kuwa, da yake mutum ne mai gaskiya, ya nuna ni. "Ba zai yiwu ba, Baba. Wannan ya sha shayi da shi Talatan nan a Laranto."

Duk tabarmar ta juyo gare ni. Wanda ke kusa da ni ya ja jikinsa yana a'uziyya. Dattijon bai yi fushi ba, kuma da ma fushin ya yi. Ya kamo hannuna, ya ce, "Ɗana, ka gan shi? Yaya ka gan shi?"

A gaban malamai da maƙwabta, a durƙushe, na ce, "Baba, ƙarya na yi. Ban taɓa ganinsa ba." Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Ya saki hannuna a hankali. Ya ce da ciwo ya kwantar da Mubarak, ya haɗa wani abu a kwamfutarsa da ke amsa wa mutane da irin maganarsa, don kada aiki ya wuce shi kafin ya warke. Tana nan a ɗakinsa a kunne, ya jona ta da sola. Mahaifiyarsa ta hana a kashe, domin kullum da safe tana gaishe shi yana amsawa.

A hanyar komawa Oga ya biyo da mu ta Laranto a motarsa. Ya rage gudu daidai teburin wani mai shayi. "Wannan ne, ko akwai wani?"

Ba a tabbatar da ni ba. Abin da na tsira da shi darasi ne: gani ya kori ji, kuma in za ka yi ƙarya, kada ka kafa shaida da wanda ba ka tabbatar yana numfashi ba. Na kasa goge lambar. Duk Juma'a saƙo na shigo mini: "Barka da Juma'a. Na gode da shayin ranar Talata. Ina ɗan kwance ne, amma da sauƙi."