Yadda Gimbiyar Kanar Haskew Ta Shiga Fim

Duk faɗin jihar Jojiya babu wanda ya yi wa tarihin Amurka hidima kamar Kanar Orville Haskew na garin Dabney Mills. Maganar ba ta buƙatar shaida, domin daga bakin Kanar da kansa aka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Bai taɓa zuwa yaƙi ba. A nan kudancin ƙasar duk mai gwanjon shanu Kanar ake ce masa, shi kuwa ya yi shekara da shekaru a kara yana kiran farashin maruƙa. Da ya yi ritaya sai ya ajiye gudumar gwanjon, ya riƙe muƙamin da muryar.

Hidimar tasa tana cikin garejinsa. Mota ce, Chevelle ƙirar 1970, ja wur, da baƙin zane biyu a bonet, mai ƙarfin dawaki ɗari huɗu da hamsin. Gimbiya yake ce mata. An ƙera irin waɗannan motoci ne don su yi ruri, su ƙona taya, su tsere wa 'yan sanda a fim. Gimbiya ta wuce wannan ƙaramin aiki. Dawakanta duka a turke suke, suna hutawa. Kanar ba ya barin rana ta taɓa ta don kada ta koɗe, ba ya barin ruwan sama don kada ta yi tsatsa, ba ya barin titi don kada lambar tafiyarta ta ƙaru. Da nafkin ɗin jarirai na auduga yake goge ta. Matarsa Nadine takan ce 'ya'yan da ta haifa masa ba su taɓa ganin nafkin a hannunsa ba. Ita tata motar a waje take kwana, a gindin bishiyar da tsuntsayen unguwa ke taro.

Kowace Asabar da safe 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci kan haɗu a filin coci, su jera motocinsu, su ɗaga bonet, su zauna a kujerun tafi-da-gidanka suna shan kofi. Gimbiya ba ta zuwa da ƙafarta. Boyd Tillery mai janwe ne ke ɗauko ta a bayan motarsa, ya sauke ta a hankali kamar ƙwai. Sai Kanar ya shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta don jama'a su shaida ko cikinta babu datti, ya gyara bel, ya fara.

"Jama'a, wannan ba mota ba ce, amana ce. Ƙarfen Detroit ne, tun zamanin da maza suke maza, fetur kuma ya fi ruwan gora araha. Kai, bawan Allah, ja da baya, numfashinka da maiƙo."

Shi Boyd ƙato ne mai arhar dariya. Yana da tsohuwar Camaro wadda ƙofarta ɗaya ba launin sauran jikin ba ce, da ita yake zuwa kamun kifi, karensa a kujerar gaba. Kanar yakan ce mata kwandon shara mai taya. Boyd yakan amsa da "Ranka ya daɗe," ya ci gaba da ɓare dafaffiyar gyaɗarsa.

Sau ɗaya a shekara Gimbiya ke hawa titi da ƙafarta, ranar faretin Bikin Gyaɗa. Ita ce kan gaba, ita ke ɗaukar Sarauniyar Gyaɗa, Kanar a sitiyari yana ɗaga wa talakawa hannu. Don wannan rana yake rayuwa. Amma bara an ɗan samu rashin fahimta. Ya sa sarauniyar ta cire takalmi, ya zaunar da ita a kan tawul, ya hana ta ɗaga hannu da ƙarfi don kada ƙyalƙyalin rigarta ya zuba a kujera. Yarinya ta gama zagaye gari tana sharar hawaye. Uwarta kuwa matar fasto ce. Saboda haka aka ce bana ƙuri'a za a kaɗa, wani maras kunya kuma ya kawo sunan Boyd da kwandon shararsa. Kanar ya san abin da ke gabansa sarai: in aka raba shi da gaban fareti, ya zama wani tsoho kawai mai gareji.

Ana cikin haka sai Allah ya kawo 'yan fim. Wani fim mai dogon zango suke ɗauka na talabijin, labarin wani ɗan sandan ciki a shekarun saba'in, suna neman motocin wancan zamani da za su jera a gefen titi. Wata matashiya mai suna Keisha Odom, wadda ke kula musu da motoci, ta zo filin coci da oba-oba a ƙugu ta ɗauki hoton duk motar da ta gani. Kanar ya fahimci abin da ya faru nan take. Labarin Gimbiya ne ya kai Holiwud, sauran motocin an ɗauke su ne don kada masu su su ji haushi.

Kafin mako ya zagayo ya sayi baƙin tabarau. A shagon aski ya bayyana cewa su 'yan masana'anta ba sa son yawan magana, ya kuma yi awa guda yana bayanin hakan. Ya nemi ƙungiya ta ɗage ƙuri'a sai daren da za a nuna fim ɗin, don kowa ya zaɓa da idonsa. Aka yarda.

Ranar ɗauka, Boyd ya zo da janwe. Nadine ta fito da rigar motar, mai laushi kamar ta jariri, ta ce ya tafi da ita ko za a buƙata. Kanar ya dube ta da tausayi.

"Nadine, tauraruwa ba ta zuwa gaban kyamara da lulluɓi. Mayar."

An rufe babban titin gari, an mayar da shagon magani tsohon otal. Gimbiya aka ba wa wuri mafi daraja, daidai ƙofar otal ɗin, inda jarumin zai tsaya. Sai Keisha ta zo da wata 'yar kwalbar feshi. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa motar ta cika sheƙi, tana mayar wa kyamara haske, kuma a fim dole mota ta yi kama da wadda ake hawa. Ƙura ce ta ƙarya, ruwa na taɓa ta za ta fita. Duk sauran motocin an fesa musu. Camaron Boyd ce kawai ba ta buƙata ba, da tata ta zo.

Kanar ya shiga tsakanin kwalbar da Gimbiya, ya buɗe hannuwa.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake yaƙi da ƙura. Ban ajiye makami a gaban ta gaske ba, sai ta jabu? Je ki gaya wa maigidanki, in haske ya yi wa kyamararsa yawa, ya sayi wata."

Aka tura Gimbiya baya kaɗan, kusa da kwana. Kanar ya ga hikimar hakan: manya ba sa rububin sahun gaba.

Can sai jarumin ya ratso, dogo mai gashin baki da wando mai faɗin ƙafa. Ya yaba motar, ya kai hannu zai jingina. Kanar ya nemi ya fara cire bel ɗinsa, da zobe, da agogo, ya kuma nuna tafin hannunsa a duba. Jarumi ya yi murmushi ya wuce. Aka sake tura Gimbiya baya, bakin wani lungu, dab da inda Boyd ya ajiye janwe. Kanar ya gaya wa Boyd cewa haka ake yi wa babbar tauraruwa, ana ɓoye ta sai ƙarshe.

Abin da babu wanda ya gaya masa, ko kuma an gaya masa yana tsakiyar jawabi, shi ne a cikin ruwan sama za a ɗauki wannan fitowa. Rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, sai darakta, wani mai gemu da gajeren wando, ya ɗaga hannu. Tankar ruwa ta yi gurnani. Dogayen bututun da aka kafa a saman titi suka ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Waɗanda suka ga gudun da Kanar ya yi a ranar sun ce ko ɗan maraƙi albarka. Ya faɗa bayan janwe, ya finciko wani tsohon tamfol mai warin man juye, ya zagayo ta cikin lungu ya wurga shi a kan Gimbiya, ya bi ya kwanta a kai yana kiran sunan Ubangiji da na lauyansa. Darakta ya yi ihu a tsaya. Ya taso a fusace, ya zo, ya tsaya, ya karkata kai. Ya haɗa yatsunsa ya leƙa ta tsakiya. Daga nan ya ce a bar tamfol ɗin yadda yake, a ɗauke tsohon, a kawo kyamara bakin lungu.

Wasu ƙarti biyu suka raka Kanar rumfar abinci, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka zauna da shi har yamma. Bai taɓa samun 'yan rakiya irin na shugaban ƙasa ba sai ranar. Da aka tashi ya tarar Boyd ya riga ya naɗe tamfol ya ɗora Gimbiya a janwe, ko ɗigo bai dame ta ba. Ya tambayi Keisha gaskiya ne a wajen motarsa kyamara ta wuni? Ta ce gaskiya ne. Ya tambayi Boyd. Boyd ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Watannin da suka biyo baya garin Dabney Mills ya sha jawabi. Kanar ya buga hotunan Gimbiya, ya sa musu hannu a madadinta. Ya shaida wa fasto cewa ɗaukaka jarrabawa ce, yana roƙon a sa shi a addu'a kada ta canja shi. Ya ja Boyd gefe ya ce kada ya damu, a faretin bana zai sa a ba shi wuri mai kyau a baya, wajen masu kwashe kashin dawaki.

Ranar da za a nuna fim ɗin aka cika ɗakin taron coci. An gasa haƙarƙari, an dafa gyaɗa, an jera jarkokin shayi mai ƙanƙara. Gimbiya na bakin ƙofa an kewaye ta da jar igiya. Kanar ya zauna a gaba da baƙin tabarau, har sai da Nadine ta ce ya cire ko ya ga abin da ya tara mutane su gani.

Fim ya yi nisa. Aka ga otal, aka ga motocin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya cikin ƙurarsu, kowa na ihu in tasa ta gifta. Sai ruwa ya sauko. Jarumi ya taho a jiƙe ya laɓe a bakin lungu yana jiran mugu, ya jingina, da bel ɗinsa da zobensa da agogonsa, a jikin wani tudu da aka rufe da tamfol. Kyamara ta matso, ta tsaya, ta ƙi tafiya. A jikin tamfol ɗin, ta gefen titi, wanda Kanar bai taɓa zagayawa ya gani ba, an rubuta da farin fenti, harufa manya-manya: JANWEN BOYD TILLERY. KO A RAMI KAKE, MUNA ZUWA.

Sai matar fasto ta fara dariya, irin wadda aka shekara ana tanadi. Daga nan rufin ɗakin ya kusa tashi.

Da ƙaramin mutum ne, da ya sulale ya gudu. Kanar miƙewa ya yi, ya tsaya a gaban talabijin, ya nuna da yatsa.

"Jama'a, ku dubi sura! Ku dubi kafaɗa! Wace mota ce a ƙasar nan za a rufe ta ruf, amma ta cika fuskar talabijin haka? Ga tayarta nan ta baya, ku duba ƙasa, wajen hagu. Wannan shi ake kira kwarjini. Darakta ya san Amurka ba ta shirya ganin fuskarta ba tukuna."

"Orville, zauna," in ji Nadine. "Ka tare mana sunan Boyd."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin a gama kwashe kwanuka wayar Boyd ta fara ƙara, wani ɗan'uwansa daga Ohayo, wata tsohuwar budurwarsa daga Tekzas. Aka kaɗa ƙuri'a ta hanyar ɗaga hannu. Kanar ya ɗaga wa kansa. Ya waiwaya wajen Nadine, ya tarar hannuwanta duka biyu suna riƙe da tiren gyaɗa.

Boyd ne ya ci zaɓen, amma ba Camaro ce ma ta ja faretin ba. Jama'a cewa suka yi janwen suke so. Aka ɗaure tamfol ɗin a jikinsa kamar tuta, aka ɗora wa Sarauniyar Gyaɗa kujera a baya, ta zauna da takalmanta, tana watsa ƙyalƙyali yadda ta ga dama. Yara suka bi suna taɓa tamfol ɗin da ya shiga fim. Boyd, da yake ba shi da riƙo, ya aika wa Kanar cewa an tanadar wa Gimbiya wuri na biyu, dab da bayansa.

Kanar ya aika da godiya da kuma bayani mai tsawo. Ya ce ba fushi ya yi ba, wanda ya ga fitilun Holiwud ba ya rigima a kan faretin ƙauye. Masu hasashen yanayi ne suka ce ana iya samun yayyafi da rana, shi kuwa amana aka ba shi. Ya sa wa Gimbiya rigarta, ya ja ƙofar gareji, ya zauna a ciki yana jin ƙarar ganguna daga nesa.

Ba a yi ruwan ba.