Rasuwar Tara-Tara a Turmin Larai

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da babban yatsan da ya rasa abin latsawa, Malam Wada ɗan kamashon tashar motar Isa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, wasan lambobin da ke cikin ƙaramar wayarsa, wanda ya raɗa wa suna Tara-Tara. Ya cika ranar Laraba da hantsi, yana da shekara uku a aljihun gaban riga.

Duk wanda ya san marigayin ya shaide shi da ƙana'a. Kyauta ya zo cikin waya, bai taɓa neman kati ba, ko sabis ya ɗauke sati guda shi yana nan daram. Dukiyarsa gidaje tamanin da ɗaya ce, tara a tsaye tara a kwance, kuma doka ɗaya ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: daga ɗaya zuwa tara, kada lamba ta maimaita kanta a layi. In ka yi daidai ya ce "tilin", in ka kauce ya ce "ɓuut", ba ya duba furfurar kowa. Sau biyu motar Sakkwato ta cika ta tashi Wada bai ɗago kai ba.

Abin da ya ƙara wa rashin ɗaci shi ne maganar kujera. A gindin darbejiyar tasha kujera ɗaya ce tal mai majingina, saura duk benci. Wada da taubashinsa Shamsu mai faci suka yi alkawari a gaban direbobi cewa wanda ya fara gama allon wasan na ɗari biyar, na ƙarshe ke nan, kujera ta zama tasa har abada. Shamsu ya maƙale a ɗari huɗu da casa'in da takwas. Wada kuwa ya shiga na ƙarshe, gida shida kacal suka rage masa. Ya daɗe yana gaya wa mutane yana da wata baiwa: in allo ya gagare shi, sai ya ajiye waya ya tafi masallaci, in ya dawo ya tarar ashe ya cike gida uku bai ma tuna ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Talata, a hanyar dawowa daga gona a Gangara. Wada ya sunkuya zai tsallake kududdufi, waya ta riga shi sauka. Ya tsamo ta tana ɗigar ruwa. Ya taɓa ji a tasha cewa jiƙaƙƙiyar waya a cikin shinkafa ake binne ta ta warke. Gidansa babu shinkafa, amma akwai ƙwaryar gero a rufe da faifai. Ya tusa majinyacin can ƙasa, ya shafe sama sumul, bai faɗa wa kowa ba don kada labari ya kai kunnen Shamsu.

Washegari matarsa Larai ta tashi yin surfe. Tana hira da maƙwabciyarta Hadiyya ta kan katanga ta juye ƙwarya a turmi, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga taɓarya. Daga baya Hadiyya ta rantse cewa magani ya ci, don a bugun farko ta ji "tilin" raɗau daga cikin gero. A bugu na biyu aka ji "ƙwas". Bayan nan marigayin bai sake magana ba.

Kafin azahar Shamsu ya iso gaisuwa, da direbobi biyu a matsayin shaidu, yana ta matse dariya a kumatu.

"Allah shi ba ka haƙuri, taubashi," in ji shi. "Amma gida shidan nan da kaka faɗi, wa ya gane su? Gobe za ni aza filo bisa kujerata."

Sai muryar Larai ta fito daga bayan labule, a dushe don kuka.

"Ku zagaya bayan rumbu ku duba."

Suka zagaya. A jikin rumbu, an zana allo na ɗari biyar da gawayi, gida tamanin da ɗaya, kowanne da lambarsa, har shidan nan an cike su. A gefensa ga burbushin wasu alluna da aka goge, sun fi a ƙirga. Shamsu ya bi layi-layi da yatsa har sau biyu, bai sami kuskure ba.

"Duk wanda ya gagare shi nan nika kwafe shi," in ji Larai. "In ya tafi masallaci in sa mishi uku. Na bar shidan nan ne cikin waya shi ma shi ɗan taɓuka."

Direbobi suka yanke hukunci a tsaye. Da la'asar aka ɗauro kujera a bayan babur aka dire ta a gindin murhun Larai.

Marigayin ya bar caja ɗaya, da murfin baya wanda ya tsira da tsagu biyu, da madannin lamba bakwai da aka tsinto a cikin dusa. Ya kuma bar Malam Wada, da baiwarsa wadda likitoci suka ce da wuya ta tashi.

Za a binne abin da aka tattara gobe Alhamis da safe a gindin rumbu, cikin gwangwanin madara. Mata za su yi wa Larai gaisuwa a cikin gida, za su same ta a jingine. Maza su wuce tasha, inda Malam Wada da Shamsu za su karɓi ta'aziyya a kan benci ɗaya. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce "tilin".