Ranar da na kira gauraka kamar kajina

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan manta safiyar da na tsaya cikin taɓo har cinya a gaban malamin jami'a ba. Ni fa, wadda duk unguwarmu ta Hanwa ake turo wa iyayen amare in raka su zaɓen tukwane, don an san idona ba ya kuskure.

Jikata Rahila ce silar abin. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana karatun namun daji, shekarun nan da wayar hannu ta fara shiga kowane gida. Aikinta na kammala karatu shi ne ta ɗauko bidiyon wasu gauraki biyu da suka sauka a bakin dam, ta kai wa malaminta, sannan ta zuba a intanet inda ta saba zuba hotunan tsuntsayenta. In babu bidiyon, babu fita tare da sa'o'inta. Ga shi wani masunci ya gaya mata ruwa na ja baya tsuntsayen za su tashi. Kyamarar sashensu kuwa guda ɗaya ce, ɗalibai na layi a kanta.

Na sayar da tumakina biyu, na ce ta tashi mu je kasuwar Sabon Gari in saya mata kyamarar kanta. Tun a cikin bas na ja mata kunne: "Ke dai ki yi shiru. Boko kika sani, kasuwa tawa ce."

Mai shagon sunansa Emeka, Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Da ya ji buƙatarmu, sai ya sunkuya ya jawo wata baƙar aba mai dogon baki kamar muciya, gefenta duk ya goge, an naɗe wani wuri da salatif. Ya haɗo da wani ƙarfe mai ƙafa uku.

"Mama, wannan ita ce ta tsuntsu. Tana jawo abin da ke nesa har gabanki. Gwanjo ce, amma idonta lafiya lau."

Gwanjo! Na ji kamar ya watsa min ruwan wanke-wanke. Jikata, 'yar jami'a, ta rataya kayan da wani ya gaji da shi ya yar? Sai idona ya faɗa kan wata 'yar ƙarama fara fat cikin gilashi, tana ƙyalli, ko ledarta ba a ɓare ba. Na ce a miƙo. Na juya ta, na ƙwanƙwasa ta da farce, na kara a kunne (me nake saurare? har yau ban sani ba).

"Kaka," in ji Rahila a hankali, "wannan ta biki ce. Ba ta ganin nesa."

"Sabuwa ce ba ta gani, mai bandejin nan ce za ta gani? Wa ya sayar da tumaki, ni ko ke?"

Emeka ya ɗaga kafaɗa ya saka mana a leda.

Ranar Asabar da sassafe malaminta, wanda suke kira Dakta, ya ce zai zo ya ga yadda take aiki, da wasu ɗalibai huɗu. Na sa atamfata ta zuwa biki na bi su. Gaskiya godiya na je karɓa.

Muka tsugunna cikin ciyawa. Can ƙetaren ruwa ga su nan su biyu, dogaye, kowanne da tukku kamar an tsefe zinariya. Ba mai ko tari. Rahila ta ɗaga kyamara ta danna, ta sake dannawa. Na leƙa ta kan kafaɗarta, sai na ga ruwa, na ga sama, na ga ɗigo biyu kamar kashin ƙuda a jikin faranti.

Dakta ya raɗa mata, "Jawo su mana."

"Iyakarta ke nan, ranka ya daɗe."

Ya karɓa ya duba gaba da baya. "Wa ya ba ki shawarar sayen wannan?"

Na jira ta nuna ni. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce." Hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

To, da mai hankali ce ni, nan zan buɗe baki in ce ni ce, a wuce wurin. Amma sai zuciyata ta ce min tsuntsu ai tsuntsu ne. Shekara nawa ina kiwon kaji da zabi? In kyamara ba za ta je wurinsu ba, su za su zo wurin kyamara. Da ma na ƙullo dawa a haɓar zanina, don ban taɓa jin an je wurin tsuntsu hannu rabbana ba.

Na miƙe tsaye, atamfa na walƙiya. Na nufi bakin ruwa ina watsa dawa, na buɗe murya: "Kut-kut-kut-kut!"

"Kaka, a'a!"

Gaurakin suka miƙe wuya. Suka yi taku uku, suka buɗe fukafukai, suka yi wani kuka mai kama da kakaki, suka ɗaga. Na ƙara taku ɗaya wai in kira su su dawo, sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye ni har cinya. Takalmi ɗaya ya tafi, ɗankwali ya zame ya rufe min ido, dawa na hannuna har yanzu.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi min sauƙi. Masuncin nan ne ya miƙo min gora ya fizgo ni. Rahila ta dubi sama ta ce, "Kaka, sun tafi."

Kafin mu bar wurin na gaya wa Dakta gaskiya, da ƙafa ɗaya ba takalmi. Da azahar kuma na koma shagon Emeka, taɓo na bushewa a ƙwaurina. Mutumin kirki, ya ba ni kujera, ya musanya mana da mai salatif ɗin, bai tambaye ni komai ba.

Gaurakin ba su sake dawowa ba. Dakta ya yarda Rahila ta koma kan zalɓe, ta sake aikin daga farko. Tsohuwar kyamarar ta ɗauko shi har ana ƙirga gashin wuyansa, amma ƙawayenta suka tafi bautar ƙasa suka bar ta, sai bayan watanni ta bi su. Wannan har gobe yana cina.

Abin da na koya shi ne, in mai aikin ya yi magana ƙasa-ƙasa, mai biya ya rage tasa muryar ya saurara.

Af, ashe 'yar farar nan abin kusa tana ganinsa tar. A kunne take lokacin da na faɗa, ta kwashe ni tun daga "kut-kut" har gora. Rahila ta kwafe bidiyon ta adana tun kafin in mayar da ita, ta kuma yi min alkawarin ba za ta zuba a intanet ba muddin ina raye. Shi ya sa ba na wasa da shan maganina a kan lokaci.