Yadda Za Ka Sayar da Geron Gidanka Ka Sayi Keke, Iyali Ba Su Sani Ba

Kai maigida, matso kusa, na san abin da ke cin ranka. Sa'o'inka suna wucewa bisa keke suna kaɗa ƙararrawa, kai kuwa kana nan kana taka ƙasa da faso, sai ka ce ba a ba mu mulkin kai ba. Kuɗin gyaɗa haraji ya cinye, abin da ya rage maka a duniya rumbun gero ne. To, ga hanya. In ka bi ta daki-daki, na yi maka lamuni za ka hau keke, za a riƙa gaishe ka da hannu biyu a bakin kasuwa, kuma ba wanda zai san abin da ke cikin rumbunka, sai ranar da kowa zai sani.

Ni mai gyaran keke ne a kasuwar Dutsin-Ma, a gindin tsamiya nake faci. Hanyar nan ba ni na ƙago ta ba. A wurin gwaninta na koya, Dalhatu na Birchi, wanda duk ran kasuwa yakan zo in ba tayarsa iska, shi kuma ya ba ni labari. Abin da ya ɓoye, maƙwabtansa suka cika mani.

Mataki na ɗaya: Ka jira lokacin da ba ido a gida

Matar Dalhatu, Hawwa'u, ta tafi gidan iyayenta a Wurma wankan haihuwar fari, daidai an gama kaka. Ta bar rumbu cike har wuya. Kafin ta yi arba'in, jakunan Alhaji Sabitu, mai sayen hatsi a kasuwarmu, sun kwashe shi tas. In maƙwabta sun ga jakuna a ƙofarka, ka ce tsohon na bara ne kake ragewa don sabo ya samu wuri.

Kada ka damu da cewa da kaka kowa na sayarwa, hatsi ba shi da daraja. Alhaji zai kwantar maka da hankali. Cewa ya yi da Dalhatu, "Bana ai gero ya yi yawa, har kaji sun ƙoshi. In ka buƙata da bazara, zo ka saya yadda ka sayar." Ka yarda da shi. Mutumin da ya gina ɗakuna musamman don ajiyar hatsi ai ba riba yake nema ba, kallon buhuna ne kawai ke ba shi sha'awa.

Mataki na biyu: Kada ka bar rumbu da yunwa

Rumbun da ba komai a ciki, in an ƙwanƙwasa shi amsawa yake yi kamar ganga. Ka danƙara masa karan dawa da buntu, ka jera 'yan dammunan gero na gaske a sama, ka mayar da jinka, ka ɗauke tsani ka kai gidan wani aro. Sauran aikin kakanninmu sun yi maka, Allah Ya jiƙansu, tun da suka ce mace ba ta leƙa rumbun miji. Da gani ka san su ma sun taɓa son wani abu a kasuwa.

Mataki na uku: Ka shirya amsa kafin a tambaye ka

Ranar da aka dawo da Hawwa'u da jaririyarta Gogo, ta tarar da sabon keke a zaure, an naɗe shi da tsumma don kada ƙura ta taɓa shi. Ta jira har 'yan rakiya suka tafi, sannan ta ce, "Malam, wannan fa?"

"Kuɗin gyaɗa ne."

"Gyaɗar da ka ce haraji ya cinye?"

"Ya ci, ya yi gyatsa, ya bar saura."

Ka ga gwaninta ke nan. Amsa gajera, fuska a ɗaure, sai ka tashi ka ce lokacin salla ya yi, ko da hantsi ne.

Mataki na huɗu: Ka mai da awon kasuwa hikima

Dammunan da ka jera a sama ba za su kai ka ƙarshen rani ba. Daga nan sai awo. Ka riƙa shigowa da 'yar jaka a bayan keke, ka ce manya haka suke yi, suna ci daga kasuwa, su bar rumbu sai damina. Ka ƙara da cewa mai fasa rumbu da rani ɗan'uwan mai yanka saniyar tatsa ne. Ba wanda ya taɓa yin wannan karin magana, amma in ka faɗe ta kana shafa gemu, za a zaci ta mutanen da ce.

A nan ne za ka lura gero ya fara hawa abin da ya fi kekenka gudu. Mudun da Dalhatu ya sayar taro, da rani ya koma sisi, bazara na kamawa ya tsallake sule. Mai awo kuma ya daina tozo, yana shafe bakin mudu da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. Dalhatu ya je ya tuna wa Alhaji maganarsu ta kaka. Alhaji ya ja carbi, ya ce, "Ni na ce haka? To, ai kasuwa ta Allah ce, Malam Dalhatu. Ni ma abin yana damuna." Kuma da gaske yana damunsa, don a watan nan sai da aka ƙara wa rigunansa faɗi.

Mataki na biyar: Ka koma ga addini da magani

In awo ya ragu, kada ka ce ya ragu. Ka ce ƙoshi ke kashe zuciya. Ka kawo azumin Litinin da Alhamis cikin gida. Ka yaba tafasa, ka ce tana wanke jini. Ka ce rama na ƙara gani, lalo na gyara murya, tuwon dusa kuwa da shi mazan jiya suka yi yaƙi. Garin kwaki da lori ke kawowa daga Kudu, ka ce abincin ma'aikata ne, shi ya sa ake jiƙa kaɗan ya cika ƙwarya.

Abu ɗaya ne zai ba ka wahala: mai shayarwa ba ta jin wa'azi. Ruwan nonon Hawwa'u ya ja baya, Gogo ta koma kuka ba ƙarfi, wuyanta kamar zaren kaɗi. Hawwa'u ta durƙusa ta ce, "Malam, ko dami ɗaya a ciro saboda yarinyar nan. In yi kunu in sha, ko ta samu."

Dalhatu ya dubi yarinyar, ya dubi rumbu. Amma gwani gwani ne. Ya ce, "Haƙora take yi."

Washegari Hawwa'u ta aika da akuyarta kasuwa, wadda gwaggonta ta ba ta da aure. A shekarar tsada kowa dabba yake sayarwa, don haka akuya mai ciki ta tafi a kuɗin 'yan mudu kaɗan. Ka bar ta ta sayar. Kada ka tambaya daga ina kunu ya fito. Miji mai mutunci ba ya bin diddigin kayan mata.

Mataki na shida: Ka kula da naka cikin

Ga amfanin keke. Mai tafiya a ƙasa bikin suna ɗaya yake samu da safe. Kai kuwa za ka ci na Birchi, ka tsinci na Kurfi, ka ƙarasa sadakar bakwai a wani ƙauye kafin waina ta huce. Mai keke ba a ba shi tabarmar baya, kuma ba a tambayarsa dangin wa ne. In ka dawo gida, ka goge bakinka tun a zaure, ka ce wa iyali su ci tafasarsu, kai ka bar masu rabonka. Za a yi ta sa maka albarka.

Mataki na bakwai: Ka yi kyauta da abin da ba ka da shi

Labarin rumbun da ba a fasa ba zai zaga gari, za a fara kiranka mai hangen nesa. Ka karɓi sunan. Dalhatu ya karɓa har ya kai shi Wurma, gaban surukinsa Malam Audi, tsoho mai gona ɗaya da jaki ɗaya. Ya tarar da gidan ba a ɗora tukunya ba, ga 'yan zangarniyoyin iri rataye a ɗaka, tsohon ya hana a taɓa. Dalhatu ya jingine keke inda kowa zai gani, ya durƙusa ya gaida shi, ya ce, "Haba Baba, ku zauna da yunwa ga iri a rataye? Ku ci abinku. In ruwa ya sauka, ga rumbu can ban ko taɓa ba."

Malam Audi ya ce, "Iri fa ba a wasa da shi, Malam Dalhatu."

"Ai ni ɗanku ne, Baba."

Suka sauke iri suka daka. Kada wannan ya hana ka barci. Ruwan shuka yana da nisa, kuma ba mamaki kafin nan wani abu ya faru. Mutanen da ke jiran wani abu ya faru suna da yawa, ba kai kaɗai ba ne.

Mataki na takwas: In ruwa ya sauka

Zai sauka. Wannan ne kawai gurbin da ke cikin hanyar tamu, kuma har yau ban samo masa faci ba.

An kwana ana ruwa, gari ya waye kowa na neman sungumi. Hantsi bai yi ba sai ga Malam Audi a ƙofar gida da jakinsa da mangala, har da tsani ya aro a hanya don kada ya wahalar da suruki. Maƙwabta suka taru, kowa na fatan in an fasa a ɗan tsakura masa. Dalhatu ya ce ƙafarsa na ciwo. Ya ce akwai maciji a ciki. Ya ce wani malami ya hana a buɗe sai Juma'a. Tsohon ya ce ba komai, ya naɗe riga, ya hau da kansa.

Ya ɗaga jinka, ya zura hannu, ya ciro kara. Ya sake zurawa har kafaɗa, ya ciro kara. Ya daɗe a saman tsanin nan yana kallon ciki. Da ya sauko bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa jaki karan da ke hannunsa, jaki ya karɓa ya hau tauna. Sannan ya ce, "Allah Ya yi albarka. Ashe jakin nawa ka yi wa tanadi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Hawwa'u na tsaye a bakin ɗaki da Gogo a baya. Ta ce, "Malam, da tun rani ka gaya mani, da na san yadda na yi. Kaɗi na iya, ƙuli-ƙuli na iya. Yunwa ba abin kunya ba ce a wurina. Amma ka dubi tsohon nan ka sa ya ci irinsa?"

A irin wannan wuri shawarata ita ce ka dubi ƙasa. Dalhatu ma ita ya duba.

Mataki na tara: Ka mayar da keke inda gero yake

Wannan da idona na gani. Ran kasuwa sai ga Malam Audi yana turo keke, don bai iya hawa ba, Dalhatu na biye yana jan jaki. A rumfar Alhaji Sabitu suka tarar da kekuna jere kamar a ƙofar ofishin En'e, duk na masu hangen nesa. Alhaji ya latsa taya, ya ja birki, ya ce ya sha jiki, amma saboda mutunci zai karɓa. Geron da aka auna masu bai cika ɓangare ɗaya na mangala ba, sai da suka sa dutse a ɗaya gefen don kaya su daidaita. Rumbu guda ya shiga kasuwa, ya zaga ta bisa taya biyu, ya fito rabin kayan jaki. Masu ilimin boko su yi mana bayani.

Da shi aka shuka gonaki biyu, a makare. Dalhatu ya ƙare damina yana ƙwadago a gonar Alhaji, ana biyansa da mudu, watakila ma da geronsa. Hawwa'u ta bi ubanta Wurma, ita da kaɗinta suka riƙe gidan, Gogo ta tashi da ƙyar amma ta tashi. Sai da aka ci tumu dattawa suka sa baki ta dawo, bisa sharaɗi ɗaya: tsani a ɗakinta zai zauna, kuma duk ranar da ta ga dama za ta hau ta duba.

Ta kuwa hau, da rana tsaka, zane ɗaure a ƙugu, matan unguwa na leƙe ta katanga. Kafin wata ya mutu kowace mace a Birchi tana neman aron tsanin Hawwa'u. An samu kara a rumbun wani mai agogo, an samu ƙaiƙayi a na wani mai neman sarauta. Yanzu in Dalhatu ya doshi dandali, maza sai su tuna suna da aiki a gida. Yunwar sun yafe masa, tsanin ne ba za su yafe ba.

Jan kunne

Ni dai na ce za ka hau keke, kuma za ka hau. Ban ce za ka daɗe a kai ba. In matarka ta tafi, in surukinka ya daina amsa gaisuwarka, in ka wayi gari kana noma gonar wanda ya saye ka da geronka, kada ka doshi gindin tsamiyata da ƙara. Ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, kuma ko gaban alƙali aka je, faci kaɗai na sani. Iskar taya ina ba da ita kyauta, sai dai na gwada, ba ta yin tuwo.