'Yan Maigatarin da Ke Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da hulata ta tona mini asiri a gaban dattawan gari. Ko na manta ma yaran Sule Tankarkar ba za su bar ni ba, don har yau in na ratsa kasuwa sai wani saurayi da ya fara tsirar gemu ya taso ya gaishe ni da sunan da suka laƙaba mini a ranar.

Kimiyya nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a can, kullum daga Gumel nake zuwa a kan babur. Rabona a jadawali shi ne darasin ƙarshe, lokacin da rana ta take, yunwa ta fara magana. Da na ce yau bitar abin da muka koya za a yi, sai ka ga kawuna suna langaɓewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda har munshari ya taɓa yi mini, kuma a bencin gaba yake.

Ana nan sai aka tura mu wani taron horar da malamai a Gumel, aka nuna mana wata manhaja ta kacici-kacici. Malami zai rubuta tambayoyi su fito a babban allo, kowace da amsoshinta masu launi daban-daban, yara su danna wadda suka zaɓa a waya. Wanda ya amsa daidai ya sami maki, wanda ya riga kowa ya fi samu, kuma bayan kowace tambaya allon zai nuna wa ke sama wa ke ƙasa. Na dawo da zumuɗi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Mai gidan kallon ƙwallo ya ara mana tsohuwar talabijin, muka jona ta da batirin solar ofis, na bi abokan aiki na karɓo wayoyinsu (sai da na rantse yara ba za su buɗe musu hotuna ba). Na raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da waya ɗaya da sunan da ya raɗa wa kansa.

Barci kam ya gudu. Mai munsharin nan ma shi ya fi kowa ihu. Amma ba a jima ba wata matsalar ta ɓullo. Akwai wata yarinya, Hauwa'u, 'yar siririya daga Ɗanzomo, wadda rukuninta ke cinye kowane wasa. Sauran suka fara sarewa, su kuma 'yan rukuninta suka miƙe ƙafa, tunda ko ba su yi karatu ba za su ci.

A nan ne na yi dabarar da a lokacin nake ganin babu irinta. Na shigo wata rana na sanar da su cewa wata makaranta a Maigatari za ta riƙa shigowa wasanmu ta intanet. Na san abin da na taɓa. Yaranmu in sun bi iyayensu kasuwar Maigatari ran Alhamis, sukan dawo suna ƙorafin wai yaran can na yi musu kallon 'yan ƙauye. To gaskiyar magana babu wata makaranta. Tsohuwar wayata ce, mai tsagaggen gilashi, na shigar da ita wasan da sunan 'Yan Maigatari.

Yadda nake yi kuwa mai sauƙi ne. Allah ya hore mini sanƙo, kuma kowa ya san in zafi ya dame ni a aji nakan cire hula in ajiye ta a kan tebur, bakinta sama. Sai na riƙa kwantar da wayar a ciki. Tambaya na fitowa in zura yatsa kamar mai gyaran hula, in danna. Tunda ni na rubuta tambayoyin, ba sai na faɗa maka wanda ke ci ba.

Wallahi dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata. Ajin da a da rukuni ke yi wa rukuni dariya ya koma tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ana tashi sai Hauwa'u ta tara su a gindin darbejiya suna yi wa juna tambayoyi. Yaran da ke fita kiwo da yamma suka fara tafiya da littattafansu. Buri ɗaya ne a ransu, su ga ranar da sunan Maigatari zai sauko daga saman allon nan.

Niyyata tun farko in bar su su ci bayan ɗan lokaci. Sai dai ni mutum ne da ko dara nake yi da ɗan cikina ba na yarda ya cinye ni (uwarsa ta yi faɗan har ta gaji). Kullum in ce yau zan sassauta, tambaya na fitowa yatsan ya riga ni. Akwai ranar da Hauwa'u ta kusa kamo ni a maki, saura tambaya ta ƙarshe, na kuma danna. Ta kifa kai a kan benci, kafaɗunta na rawa. Na ji kunya har cikin raina, amma ba ta kai ta sa ni faɗin gaskiya ba.

Shugaban makarantarmu, Malam Sabo, shi ma bai san komai ba. Daɗi ya kama shi har ya nemi lambar malamin Maigatarin, wai zai yi masa godiya. Na karanto masa lambar tsohuwar wayata ba tare da fargaba ba, don Malam Sabo mutum ne da ba ya kiran kowa, sai dai a kira shi. Bayan nan ya gayyaci ƙungiyar iyaye su zo su ga karawar da yara suka ishe su da labarinta a gida. Na ce a raina madalla, ranar zan faɗi da gangan, yara su ci a gaban iyayensu, daga nan in ce 'yan Maigatari sun janye, magana ta mutu.

Ranar ta zo, dattawa suka makara, Malam Sabo ya ce mu fara kafin batir ya yi sanyi. Hula na kan tebur, waya na ciki, mun ɗan taɓa wasan ke nan sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Alhaji Ɗanjuma ne a gaba, shugaban ƙungiyar iyaye, dillalin shanu, kuma kakan Hauwa'u, sauran dattawa na biye da shi. Ka san a wurinmu mai hankali ba ya tarbar manya kai babu hula. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya wawuri hular ya kifa mini. Sai da na ji sanyin gilashi a tsakiyar kaina na tuna abin da ke ciki.

Na durƙusa na gaishe su wuya a sandare, kamar mai tallar nono da ta cika ƙwarya. Alhaji ya tambaye ni ko wuyan ne ke ciwo, na ce kwanciya ce ban yi daidai ba. Ya ba ni shawarar man shanu da ɗumi.

Aka ci gaba da wasa. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, waya ba ta bambance yatsa da sanƙo mai gumi. Kafin in gama karanta tambaya, 'Yan Maigatari sun amsa, kuma amsar banza. Duk amsar da ta kuskure sai wayar ta yi ɓari a kan ƙoƙon kaina, in ji har cikin haƙora. Ni kuwa ina tsaye ina karanta tambaya a kan sassan fure da murya irin ta mutumin kirki, gumi na bin bayan kunnena. Yara suka ga Maigatari na gangarowa, ajin ya rikice. Da aka gama, rukunin Hauwa'u ne a sama, Maigatari a can ƙarshe. Maza na dukan benci, ita kuma ta rufe fuska da hijabi tana dariya. Na ce a raina Allah ya rufa asiri, saura in sami hanyar fita in sauke kayan nan.

Sai Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Malam," in ji shi, "ba a ka da baƙo a bar shi a ƙasa. A kira mana malaminsu mu gaisa, mu ba shi haƙuri. Ran Alhamis in na shiga kasuwa sai in kai wa yaran ko dabino ne."

Na fara kame-kame. Na ce ai can bakin iyaka ne, sabis ɗinsu yakan tsallaka Nijar, da wuya a same shi. Ban rufe baki ba Malam Sabo, mutumin da ban taɓa ganin ya kira kowa ba, ya zaro waya yana cewa ai yana da lambar.

Kiɗan kalangu ne ya tashi, irin na mahauta, wanda ɗana ya sa mini a wayar tun tuni ban cire ba. Kowa ya shiga waige-waige. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, ni ma na waiga, har da leƙa ƙarƙashin tebur. To amma duk inda na juya kiɗan na biye da ni. A hankali idanu suka taru a wuri ɗaya, ɗan sama da girata.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, cire masa hular ya sha iska, tun daga Maigatari yake tafe."

Haka na tuɓe hula a gaban dattawa, abin da na jawo wa kaina duk wannan don gudunsa. Aka fashe da dariya, wani tsoho har da riƙe bango. Malam Sabo dai ya kashe kiran ya zuba mini ido. Dariyar ba ta dame ni sosai ba, na cancance ta. Abin da ya soke ni shi ne Hauwa'u, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta miƙe tsaye.

"Malam, ashe babu su?"

Na ce babu.

"To yau wa muka ci?"

Sai na nuna mata tsakiyar kaina. Aka sake kecewa, ita kuwa ko murmushi. Ta ce ita ba ta karɓi wannan cin ba, ba don shi suka yi ta zama a gindin darbejiya ba. Sharaɗinta shi ne 'yan aji su fitar da tambayoyi daga littafi, Malam Sabo ya riƙe su, ni kuma in zauna a benci da waya a hannu kowa na gani. Alhaji ya ce jikarsa ta yanke hukunci, kuma zai dawo kallo.

Mako na zagayowa na zauna a tsakiyarsu, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, hula a kai babu komai a ciki (sai da mai munsharin nan ya nemi a duba). Na yi iya yina, Allah ya sani ban sassauta ba. Amma sanin amsa daban, saurin yatsan yaran zamani daban. Ban zo na ɗaya ba, ban zo na biyu ba, sauran kuma ba sai mun tona ba. Hauwa'u ta ci, kuma a wannan karon ba ta rufe fuska ba. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba. Da aka tashi ta zo ta ɗan rusuna ta ce, "Malam, ka yi ƙoƙari, a ƙara himma." Kalmomin da nake rubuta wa masu rauni a ƙasan takardarsu ke nan, ba ta rage ko ɗaya ba.

Tun daga ranar sunana ya koma Malam Maigatari, har matata takan kira ni da shi in tana son tsokana. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni nawa ko zurfin hula bai wuce ba. Har yanzu muna wasan duk ƙarshen mako, kuma in ina son yara su yi karatu ba na ƙirƙiro musu abokan gaba daga wani gari. Nakan ja benci in zauna, in ce wanda ya isa ya ka da ni. Suna kuwa kayarwa.