Kyaftin Neville Ya Hau Sikeli

Duk faɗin garinmu na Geelong, in ana maganar iya tsara tafiya, daga kan Neville Tuckwell an rufe ƙofa. Shekara talatin ya yi yana sayar da tayil ɗin banɗaki, da ya yi ritaya sai Allah ya jarrabe mu da shi a kulob ɗinmu na golf. Babu wanda ya zaɓe shi kyaftin. Wata Asabar kawai muka gan shi da hula an ɗinka "Kyaftin" a goshinta da zare mai ruwan gwal, muka ga musu da mai hula wahala ne, muka bi. A bayan idonsa Janar Jadawali muke ce masa.

Bana ya yanke mana hukuncin hutu: mu takwas, kwana huɗu a tsibirin King, mu buga golf a bakin teku har iska ta gaji da mu. Takardar tsarin shafi goma sha tara ce, kowane shafi an liƙe shi da leda kada ruwa ya taɓa. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin shafa man kare zafin rana, har da minti shida da ya ware mana ranar Juma'a don "kallon teku cikin mamaki". A otal mu bakwai za mu cushe a ɗakunan da ke kallon wurin ajiye motoci. Shi kuwa bawan Allah ya sadaukar da kansa, ya ɗauki babban ɗaki mai baranda a saman teku, wai shugaba yana buƙatar sarari don ya yi mana tunani.

Matsala ɗaya ce. Ƙaramin jirgin sama na haya ne zai kai mu, kuma kamfanin ya aiko da iyakar nauyi, mutane da kaya a haɗe, kowa ya rubuta nasa a fom. Janar ya tara mu a garejinsa, ya hau kan akwatin tayil.

"Jama'a, jirgin sama ba bas ba ce," in ji shi. "Kilo ɗaya ya ƙaru, ruwan teku za mu sha. Duk wanda ya wuce abin da ya rubuta, ko ciki ɗaya muka fito, a ƙasa zan bar shi. Ba na jin roƙo, ba na kallon hawaye. Doka doka ce."

Daga ranar muka shiga uku. Stavros, mai shagon soyayyen kifi da dankali, ya yi mako shida yana tauna latas yana kallon kaskonsa kamar maraya. Lindsay, tsohon malamin makaranta wanda iska ma take iya ɗauka, an sa shi ya cire sandunan golf huɗu daga jakarsa. Ni an ƙwace mini lema da takalmi na biyu. Kowace Lahadi Janar yana zagaya gidajenmu da sikelin rataye yana auna jakunkuna, har matanmu yake buga wa waya ya ji abin da muka ci da rana.

Shi kuma a nasa fom ɗin ya rubuta tamanin da huɗu.

"Nev," in ji matarsa Glenys da ta leƙa takardar, "tamanin da huɗun nan ai na ranar aurenmu ne."

"Ƙashi ne ya ƙaru, Glenys, ba kitse ba. Kuma a ina kika taɓa jin an auna kyaftin?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Jakarsa kuwa sai wanda ya gani: farar fata, an ɗinka sunansa a jiki da manyan baƙaƙe. A ciki akwai sanduna goma sha bakwai, da kwat ta cin abincin otal, da na'urar auna iska, da kofin da ya sayo da kansa don miƙa wa zakara, wanda tuni ya san ko wane ne.

Ranar tafiya da safe muka isa ƙaramin filin jirgi, aka auna jakunkuna aka loda su. Sai ga matuƙiyar, wata gajeriyar mace mai suna Bronwyn, tana tauna cingam tana jan sikeli zuwa tsakiyar ɗaki. Muka hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsallake. Stavros har ya rage kilo biyu, ya durƙusa ya sumbaci sikelin. Janar na gefe da biro yana yi mana maki.

"Saura kai, yallaɓai," in ji Bronwyn.

"Yarinya, ni ne na tsara tafiyar nan."

"Jirgi bai san da wannan ba. Hau."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya cire hula. Ya cire agogo, da bel, da takalma. Ya fitar da numfashi har fuskarsa ta yi ja, ya hau a hankali kamar mai taka ƙwai. Bronwyn ta duba, ta ɗaga murya yadda har masu shara suka ji: "Ɗari da ashirin da ɗaya!"

"Nev, mutumina," in ji Stavros, hawayen dariya na zuba, "kilo talatin da bakwai! Wa ka haɗiye? Ku duba mini ko Lindsay na nan!"

Bronwyn ta yi lissafinta. Ko da an haɗa da ɗan abin da muka rage, sai an sauke kilo talatin, jakar Janar kuwa talatin da ɗaya ce. Ta ce ya bar ta, akwai sandunan haya a can.

Neville ya miƙe, hannu ɗaya riƙe da wando kada ya faɗi.

"Sandunan haya? Ni? Wata bakwai ina ɗauke da tafiyar nan a kaina. Ba ni, ba otal, ba fili, ba komai! Ko a tafi da ni da jakata, ko a tafi babu ni. Na gama magana."

Ya juya mana baya, ya tsaya yana jiran mu zube muna roƙo. Lindsay ya dubi silin. Ni na ga igiyar takalmina tana buƙatar ɗauri. Gaskiya na ji tausayinsa, amma sai na tuna lemata.

"To, an ma samu sauƙi," in ji Bronwyn. "Iska za ta juya, ba ni da lokacin kwance kaya. Litinin zan dawo maka da jakar. Saura, akwai wuri yanzu, wa ya bar wani abu a mota?"

Stavros ya ruga da gudun da ban san yana da shi ba, ya dawo rungume da kular tsiran nama da ya ɓoye a but ɗin motarsa. Da jirgi ya ɗaga muka hango Janar ta taga, yana ɗaga takardun tsarinsa sama yana faɗin wani abu.

A otal mai karɓar baƙi ta ɗaga makullin babban ɗakin ta kira Neville Tuckwell. Muka nuna mata jakar. Ta karanta sunan, ta ɗaga kafaɗa, ta miƙo makullin. Muka kai jakar baranda, muka jingine ta a kujera tana fuskantar teku, ta yi hutunta babu mai damun ta.

Ranar dawowa muka yi zaɓen kyaftin na baɗi, karon farko a tarihinmu. Lindsay ya tsayar da jakar takara. Ya ce kwana huɗu tana shugabancinmu, ko sau ɗaya ba ta yi jawabi ba. Ta ci da ƙuri'a bakwai.