Gishirin da Na Ciyar da Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motata ta karye gida biyu a gangaren Hindawiyya ba, da kakar yarinyar da nake nema zaune a bayanta.

Lokacin motoci ba su yi yawa a Makka ba. Tawa wanet ce, wato a-kori-kura, tsohuwa, na sayo ta a Jidda. Dillalin ya ce a ƙasar Turawa ta yi aiki, ƙanƙara take turewa daga kan hanya, har ya nuna mini ƙarafan gabanta inda ake ɗaura faifan turawar. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a randa, sai na ɗauka yabo ne. Ban tambayi kaina me ya rage a jikin motar da ta yi wannan bauta ba.

Da aka yi ruwa, ambaliya ta sauko daga duwatsu ta cika lungunanmu da laka da yashi, sai na sa maƙeri ya ɗaura mini faifan ƙarfe a gaba. Na dinga dannawa cikin taɓo ina turewa, mutane na sa mini albarka, kaina na ƙara girma. A nan Ammi Bukari, mahaifin Asiya, yarinyar da nake nema, ya fara amsa gaisuwata da sakin fuska.

Sai motar ta fara kuka. Wani irin nishi take yi daga ƙasa, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Tsoro ya kama ni, na gaya wa Innata.

"Baki ne, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Duk unguwa idonsu na kanka. Ka jiƙa gishiri ka riƙa watsa mata."

Haka ake yi wa sabon gida da jariri, to mota fa? Kullum da safe sai in dama gishiri a bokiti in watsa a ƙarƙashinta, lungu-lungu. In kukan ya ƙaru, in ƙara gishiri. (Ku yi dariyarku, na yafe.) Ko sau ɗaya ban durƙusa na leƙa ba, don ina tsoron abin da zan yi ido huɗu da shi.

Ranar bikin yayar Asiya, Ammi Bukari ya ce in kai kayan girki unguwar Ka'akiyya, gidan ango. Na san gwaji ne. Aka loda manyan tukwane da buhunan shinkafa da rago, sannan aka fito da mahaifiyarsa, Sitti Hauwa. Na buɗe mata gaba, ta harare ni.

"In zauna kafaɗa da kafaɗa da kai? Ka zama muharramina ne?"

Aka shimfiɗa mata darduma a baya, tsakanin tukwane. Ammi da sauran maza suka biyo mu a ƙafa, don lungun gangare ne, a hankali ake sauka.

Tun da na saki birki nishin ya koma ƙara. Na riƙe sitiyari gam, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Muna kai tsakiyar gangaren na ji ƙau! Kujerata ta nutse, hancin motar ya ɗaga sama, na daina ganin hanya sai sararin Allah. Tukwane suka kife da wata irin ƙara, rago ya tsala ihu. A raina na ce shi ke nan, abin da ke ƙasa ya fito.

Na ɓalle ƙofa na zura da gudu. Ni, mai neman aure, na bar tsohuwa a mota, ina ihu, "Sun kama ta! Sun kama ta!" Sai da na kai bakin masallaci na tsaya, ba takalmi.

Da na waiwaya, shirun da na ji ya fi ƙarar ban tsoro. Motar ta durƙusa a tsakiya, cikinta a ƙasa, ba motsin kowa a baya. Na dawo ina ganin kaina a gaban alƙali, ina ganin makara. Ammi na ɗaga tukwane yana kiran "Ummi! Ummi!" Can sai muka ji murya daga ƙarƙashin wani faranti.

"Ina ɗan banzan direban?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, buhunan shinkafa ne suka tare ta.

Ammi ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar. Ya taɓa shasin, wato ƙarfen da ke riƙe da ita tun daga gaba har baya, sai ya marmashe a hannunsa kamar ƙanzo. Duk tsatsa ta cinye shi. Ya ga wani fari-fari a jiki, ya lakata ya ɗanɗana.

"Gishiri? Wa yake zuba wa ƙarfe gishiri?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Maganin baki ne, Ammi."

Dariyar da aka yi, har matan da ke leƙe ta taga. Shi dai bai yi ba. Ya karkaɗe hannunsa ya dube ni.

"Gishirin wauta ce, ana yafe ta. Amma wanda ya bar uwata ya gudu, 'yata zai tsaya wa? Halas, magana ta ƙare."

Jakuna ne suka ƙarasa da kayan. Bayan shekara aka kai Asiya gidan wani mai sayar da gawayi, ayarin ya bi ta ƙofar gidanmu, ina ciki na rufe taga.

Abin da na koya shi ne, in abu ya yi maka kuka, durƙusa ka leƙa kafin ka nemo masa magani. Innata kuwa har ta koma ga Allah ba ta sauya magana ba. Cewa take bakin ne ya yi ƙarfi, ni kuma na yi rowar gishiri.